MU LEƘA LITTAFI: Hasumiyoyi Biyu, Inda Tafiya Ta Kai Tsakiya

 

A wannan makon mun ɗauko muku littafin da yake na biyu a cikin jerin littattafai uku. Sunansa da Turanci The Two Towers, wato Hasumiyoyi Biyu, kuma shi ne na tsakiya a cikin dogon labarin nan mai suna The Lord of the Rings, wanda wani Bature ɗan Ingila, J. R. R. Tolkien, ya rubuta. Mun san da yawa daga cikinku sun kalli fim ɗin da aka yi da shi a 2002. To amma mu littafin muka zauna muka karanta daga bango zuwa bango, kuma abin da muka tarar a ciki ya sha bamban da abin da muka yi zato.

Kafin mu shiga, ga kaɗan game da marubucin. An haifi Tolkien a 1892 a garin Bloemfontein da ke Afirka ta Kudu, amma a Ingila ya tashi. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har ya halarci gumurzun da aka yi a yankin kogin Somme na ƙasar Faransa a 1916. Daga baya ya zama farfesan harshe da adabi a Jami'ar Oxford, ya rasu a 1973. Ya shafe sama da shekara 10 yana rubuta wannan labari, kuma shi a nufinsa littafi ɗaya ne. Kamfanin ɗab'i na George Allen & Unwin ne ya ga girmansa ya yi yawa, ga kuma tsadar takarda bayan yaƙi, sai ya raba shi gida uku. Na farko ya fito a watan Yulin 1954, na biyu a Nuwamban wannan shekarar, na uku kuma a Oktoban 1955. Ku riƙe wannan, domin shi ya sa littafin namu na yau ba shi da gabatarwa, ba shi kuma da kammalawa. Yana farawa ana tsakiyar tashin hankali, ya ƙare ana tsakiyar wani.

Ga wanda bai karanta na farko ba, ga labarin a taƙaice. Ƙagaggen labari ne, a wata ƙagaggiyar duniya. Akwai wani azzalumin sarki mai suna Sauron da ya ƙera wani zobe ya zuba ƙarfinsa a ciki, don ya mallake kowa. Zoben ya ɓace masa, ya yi ta yawo har ya faɗa hannun Frodo, ɗan wata al'umma ta gajerun mutane manoma da ake kira Hobbit. Illar zoben ita ce, duk wanda ya riƙe shi sai ya lalata masa zuciya, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya ɗauke shi. Ba a iya hallaka shi sai a cikin dutse mai aman wuta inda aka ƙera shi, a tsakiyar ƙasar Mordor, wato gidan Sauron kansa. Aka haɗa ayarin mutum 9 don wannan tafiya. Kafin littafin farko ya ƙare ayarin ya watse: jagoransu Gandalf ya faɗa wani rami mai zurfi, jarumi Boromir kuma kwaɗayin zoben ya kama shi har ya nemi ƙwace shi. Ganin haka Frodo ya sulale ya kama hanya, daga shi sai mai yi masa aikin lambu, Sam.

Daga nan Hasumiyoyi Biyu ya ɗauka. Abu na farko da ya ba mu mamaki shi ne yadda aka tsara shi. Babi 21 ne, an raba su kashi biyu. A babi 11 na farko ba za ku ga Frodo ba ko sau ɗaya. Mai ɗauke da zoben, wanda saboda shi ake komai, an ajiye shi gefe guda. Sai an gama da sauran mutane kaf, sannan marubucin ya koma baya ya ɗauko labarin Frodo da Sam a babi 10 na ƙarshe. Ba za mu ɓoye muku ba, da farko abin ya ba mu haushi, har muka riƙa leƙa shafukan gaba muna neman sunan Frodo. Daga baya muka gane hikimar. Mutanen da ke cikin kashi na farko su ma ba su san inda Frodo yake ba, ba su san ko yana raye ba. Haka nan suke yaƙi, ba tare da tabbacin wahalar tasu za ta yi amfani ba. Tolkien ya sa mai karatu ya ɗanɗani irin wannan zaman zullumi tare da su.

Kashi na farko gudu ne da yaƙi. Boromir ya mutu yana kare wasu Hobbit biyu, Merry da Pippin, bayan ya yi nadamar abin da ya aikata. Mayaƙan nan masu kama da dodanni da ake kira Orc suka sace yaran biyu suka yi gaba. Aragorn, wanda jagoranci ya faɗo wuyansa, sai da ya zaɓa: ya bi Frodo, ko ya bi waɗanda aka sace. Ya zaɓi na biyu. Shi da Legolas gwanin baka da Gimli wada mai gatari suka bi sawu a ƙafa, suka ci sama da kilomita 200 cikin ƙasa da kwana huɗu. Su kuwa Merry da Pippin sun kuɓuta da dabararsu, suka faɗa wani tsohon daji inda suka haɗu da Treebeard, babba a cikin wasu halittu masu siffar bishiya waɗanda aikinsu kiwon itatuwa. Waɗannan halittu ba su san gaggawa ba. Taron da suka yi don yanke shawarar ko za su shiga yaƙi sai da ya kai kwana uku. Amma da suka tashi, ganuwar dutse ma ba ta tsaya a gabansu ba. Abin da ya fusata su kuwa shi ne yadda matsafi Saruman yake sare musu daji yana hura wutar maƙerunsa na makamai. Wanda ya taɓa ganin wurin da a da yake cike da itatuwa ya koma fili fetal ba zai rasa fahimtar fushin nan ba.

Sai kuma babban yaƙin da aka yi a ganuwar Helm's Deep, wanda masu kallon fim suka fi tunawa. A fim an ba shi lokaci mai tsawo, amma a littafi babi ɗaya ne tak. Dare ɗaya aka yi ana fafatawa cikin ruwan sama, aka fasa ganuwa da wani abu mai fashewa, Gimli da Legolas suna gasar ƙirga abokan gaban da kowa ya kayar, har Gimli ya yi nasara da 42 a kan 41. Da asuba taimako ya iso. Babin yana da daɗi, mun karanta shi ba mu ajiye ba. Sai dai da muka rufe littafin muka zauna tattaunawa, mun lura ba shi ne ya fi tsaya mana a rai ba. Abin da ya fi tsaya mana shi ne maganganun da mutane suka yi wa juna, da abin da maganganun suka haifar.

Ku dubi Théoden, sarkin Rohan, ƙasar mahaya dawaki. Lokacin da muka fara ganinsa, tsoho ne da ya ranƙwafa a kan karaga, ya yanke ƙauna daga komai. Ba sara aka yi masa ba, ba suka ba. Wani bafadensa ne mai suna Gríma, wanda ake yi wa laƙabi da Harshen Tsutsa, ya shafe shekaru yana raɗa masa a kunne cewa ya tsufa, ba shi da sauran ƙarfi, kuma masu ƙaunarsa na gaskiya su ne maƙiyansa. Ashe Gríma ɗan leƙen asirin Saruman ne. Wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam zai tuna da wazirin nan da ya haɗa baki da Sarkin Sinari a kan ubangidansa. To Gríma ɗan'uwansa ne a hali. Yadda magana ta kwantar da Théoden, haka kuma magana ta tashe shi. Gandalf, wanda ya dawo bayan an ɗauka ya mutu, ya fito da shi waje ya sha iska, ya gaya masa gaskiyar halin da ake ciki, aka miƙa masa takobi. Nan take aka ga ashe da sauran ƙarfi a jikin tsoho.

Haka ma Saruman. Bayan an ci shi da yaƙi, an kewaye shi a hasumiyarsa ta Orthanc, makami ɗaya ya rage masa, wato muryarsa. Yana magana sai mai sauraro ya ji komai nasa daidai ne, ya ji kuma duk wanda ya musa masa mara hankali ne. Saura kaɗan mayaƙan da ya kashe wa 'yan'uwa jiya-jiya su tausaya masa. Wannan babi ya sa mun yi shiru, domin kowannenmu ya tuna da wani mai zaƙin baki da ya taɓa jansa zuwa abin da ya san ba daidai ba ne.

Kashi na biyu ya sauya salo gaba ɗaya. Babu dawaki, babu rundunoni. Mutum uku ne kawai suke tafiya cikin duwatsu da taɓo da yunwa: Frodo, da Sam, da wani abin tausayi mai suna Gollum. Shi Gollum asalin sunansa Sméagol. Ya riƙe zoben nan kusan shekara 500, har ya mayar da shi wata ƙanjamammiyar halitta mai gudun hasken rana, mai magana da kanta. Yana bin su Frodo ne don ya sace zoben. Da suka kama shi, Frodo ya ƙi kashe shi. Ya sa shi ya yi rantsuwa, ya kwance masa igiya, ya riƙa kiransa da sunansa na asali, ya mai da shi ɗan jagora. Sam kuwa bai taɓa yarda da shi ba, kuma yana da hujja, domin da kunnensa ya ji Gollum yana gardama da kansa cikin dare, murya ɗaya tana son cika alkawari, ɗayar tana son zobe.

Sun ratsa wata fadama da ake ganin fuskokin matattun mayaƙa a ƙarƙashin ruwanta. Tolkien ya taɓa faɗa a wata wasiƙa cewa abin da ya gani a arewacin Faransa bayan yaƙin Somme yana cikin abin da ya haifar da wannan wuri. Sun isa babbar ƙofar Mordor suka tarar ba ta shiguwa. Daga nan suka faɗa hannun Faramir, ƙanen Boromir, tare da dakarunsa. A nan ma fim da littafi sun raba hanya. A fim Faramir ya tasa ƙeyarsu zuwa wani gari da nufin kai zoben ga mahaifinsa kafin ya sauya shawara. A littafi kuwa, da Sam ya yi suɓul-da-baka ya tona asirin zoben, Faramir yana da dakaru, su kuma ba su da kowa, ga dare, ga daji, babu mai tuhumarsa. Duk da haka bai taɓa zoben ba. Ya riga ya ba da kalmarsa tun kafin ya san ko mene ne, ya kuma tsaya a kanta. Ya ba su guzuri ya sallame su. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, jarrabawa iri ɗaya, amma sakamako daban.

Yanzu ga wurin da ya sa muka ce lallai sai mun kawo muku wannan littafi. A kan wata doguwar matakala ta dutse da ke hawa zuwa iyakar Mordor, gajiya ta kama Frodo da Sam, barci ya kwashe su. Gollum ya riga ya shirya cin amanarsu, ya je ya dawo. Da ya tarar da su suna barci cikin natsuwa, sai wani abu ya motsa a zuciyarsa. Muguntar da ke idonsa ta dushe, ya koma kamar wani tsoho gajiyayye da ya rasa kowa nasa. Ya miƙa hannu a hankali ya taɓa gwiwar Frodo, taɓawa irin ta ƙauna. A daidai nan Sam ya farka. Bai tsaya ya duba ba, sai ya daka masa tsawa ya kira shi da sunan wulaƙanci. Gollum ya janye, idonsa ya koma yadda yake, kuma wannan dama ba ta sake dawowa ba. Sam ya ɗan ba da haƙuri daga baya, amma magana zarar bunu ce. Tolkien da kansa, a wata wasiƙa ta 1963, ya nuna cewa a wurinsa da wuya a sami wani wuri a duk labarin da ya kai wannan ban takaici.

A nan muka rabu gida biyu. Wasunmu suka ce Sam ba shi da laifi: hali zanen dutse ne, wanda ya shekara ɗaruruwa cikin mugunta ba zai shiryu a dare ɗaya ba, kuma duk mai tsaron ubangidansa haka zai yi. Wasunmu kuma suka ce ai Sam mutumin kirki ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ba mugu ne ya rufe wa Gollum ƙofa ba, mutumin kirki ne da ya riga ya yanke masa hukunci, har ya kasa ganin sauyin da ke gaban idonsa. Ba mu cimma matsaya ba, kuma littafin bai yanke mana hukunci ba. Amma dukkanmu mun tuna da irin yaron nan da ake samu a kusan kowane aji, wanda aka riga aka yi wa tambarin ɓarawo ko daƙiƙi ko fitinanne. Ranar da ya yi yunƙurin gyarawa, ya ɗaga hannu zai amsa tambaya, ko ya dawo da biron da ya tsinta, me muke ce masa? Sau da yawa dariya muke yi, mu tuna masa da sunan da muka laƙaba masa. Mu a wurinmu wasa ne. Shi kuwa wataƙila a ranar ce ya yanke shawarar ba zai sake gwadawa ba.

Ba za mu ce littafin ba shi da aibi ba. Na farko, Turancinsa yana da nauyi, kuma Tolkien yana son bayanin tsaunuka da itatuwa da hanyoyi, wani lokaci har mai karatu ya ƙosa. Na biyu, mata ba su da yawa a ciki. Éowyn, 'yar ƙanwar Sarki Théoden, ta burge mu, amma ana nuna ta sai aka bar ta tana tsaron gida. Na uku, kuma wannan ya taɓa mu a matsayinmu na 'yan Afirka: mutanen kudu masu duhun fata da suka zo da manyan giwaye, a ɓangaren azzalumi aka sa su. Masu nazari sun daɗe suna muhawara a kan wannan, kuma ya kamata ku karanta da idonku a buɗe. Sai dai adalci ne mu faɗa cewa a lokacin da ɗaya daga cikin mayaƙan nan ya faɗi matacce a kusa da Sam, Sam bai yi murna ba. Tunani ya shiga yi: ko mene ne sunan mutumin nan, ko daga ina yake, ko mugu ne da gaske, ko kuwa ƙarya ko barazana ce ta raba shi da gidansu. Wanda ya ga yaƙi da idonsa ne yake rubuta irin wannan.

Idan kun tambaye mu waɗanne ne hasumiyoyin biyu, to ku sani shi kansa marubucin ya yi ta juya maganar. Bayanin da ke ƙarshen littafi na farko ya nuna Orthanc da Minas Morgul ne, masu fim kuma suka ɗauki Orthanc da hasumiyar Sauron. Ku karanta ku zaɓi naku.

Yadda littafin ya ƙare kuwa, ba za mu ɓata muku ba. Abin da za mu ce kawai shi ne akwai wani ƙaton gizo-gizo a cikin wani kogo mai duhu, akwai kuma shawara mai nauyi da ta faɗo kan Sam shi kaɗai, ba Gandalf, ba Aragorn, ba mai gaya masa abin da zai yi. Shafin ƙarshe ya bar shi a bakin wata ƙofa da aka rufe. Waɗanda suka karanta a 1954 sai da suka jira kusan shekara guda kafin su san abin da ya biyo baya. Ku kun huta da wannan jira.

Mutane da yawa suna raina littafin tsakiya, suna cewa gada ce kawai tsakanin farko da ƙarshe. Mu dai ba mu ga haka ba. A farkon tafiya kowa yana da zumuɗi, a ƙarshenta kuma akwai tafi da yabo. A tsakiya babu ko ɗaya, sai gajiya, kuma a nan ne aka gane waye Faramir, waye Théoden, waye Sam. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. 'Yan aji biyu na babbar sakandare, ku da ɗokin shigowa ya wuce muku, jarrabawar fita kuma take ganin kamar da sauran nisa, muna jin kun fi kowa sanin wannan wuri.

Ga shawara ga mai son karantawa. Ku fara da littafi na farko, domin wannan ba ya tsayawa shi kaɗai. Ku duba ɗakin karatu na makarantarku ko wurin masu sayar da tsofaffin littattafai. Ku ajiye ƙamus kusa, amma kada ku tsaya a kan kowace kalma. Ku ja layi a ƙarƙashinta da fensir idan littafin naku ne, ku wuce, ku dawo daga baya. Ku riƙa duba taswirar da ke cikin littafin, ku kuma rubuta sunayen mutane a wata takarda, domin suna da yawa. Babi ɗaya a rana ya isa, cikin mako uku kun gama.

Tambayarmu ta wannan makon ita ce: da kai ne Sam, ko da ke ce, kuka farka kuka ga hannun Gollum a kan gwiwar Frodo, me za ku yi? Kuma shin Frodo ya yi daidai da ya yarda da shi tun farko? Ku rubuto mana amsarku a taƙaice, tare da sunan makarantarku da ajinku. Za mu buga waɗanda suka fi gamsar da mu.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A yi karatu lafiya.